Kamarar da Za Ta Shiga Ɗakin Ya Kaka

Gure, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana, Baban Amina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan zamanka na Kano. Ya kasuwa? Mu nan sai godiya. Tarin Amina ya tafi, ta koma karatu a lakwal. Inna tana gaishe ka.

Na ba Idirisa direba takardar nan ne don a waya kullum kana tsakiyar ciniki, maganar kuwa ba ta tsaye ba ce.

Na ga hotunan manyan kamarori biyun da ka turo daga shagon abokinka. Allah ya saka maka da alheri. Shekara bakwai ke nan ina shiga gidajen biki da suna da 'yar ƙaramar nan ta aljihu, inda maza masu hoto ba sa shiga. Ta yi mini wahala, amma ta gaji, yanzu har wayoyin 'yan mata sun fi ta. Ka ce in ɗauki sabuwar, tunda ba nauyi, tana yin bidiyo, idonta yana jawo abu daga nesa. Ɗayar kuwa okaziyo ce, wani ya yi aiki da ita, ga nauyi, ba bidiyo, idonta ba ya jawowa. Da jiya ne da na bi zaɓinka ba musu. Amma ka ji abin da ya faru.

Ka san Ya Kaka, tsohuwar nan ta Mangawa da ke bayan kasuwar dabbobi. A Gure kaf ita kaɗai ta rage mai yin kitson amare irin na da, mai ƙananan layuka da suke hawa su haɗu a tsakar ka. 'Yan matan yanzu gashin kanti suke so, ba wadda ta koya. Yanar ido ta kusa rufe mata ido biyu, da hannu kawai take gani. Jikarta Balkisa za a aurar ƙarshen watan nan, bayan biki kuma a kai tsohuwar Damagaram aikin ido.

Yau ta aiko aka kira ni. Na je ina jin kunya, don bara a wani suna hasken kamarata ya haske mata fuska, ta yini idonta yana ruwa. Ba ta ko tayar da zancen ba. Ta ce, "Kan Balkisa ne na ƙarshe, daga shi na ajiye kibiyar kitso. Ban taɓa yarda an ɗauke ni ba, amma ki zo ki ɗauki wannan, kada ya tafi da ni kabari. Sai dai ki bar walƙiyarki a gida."

Baban Amina, ɗakinta duhu ne, kitson amarya kuma ba a yin sa a tsakar gida. 'Yar ƙaramata in ba walƙiya sai baƙi. Ka dakata da saye tukuna.

Ka huta lafiya.
Matarka, Rahinatu

Gure, 8 ga Nuwamba

Baban Amina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin da ka ce ya taɓa ka ya sauka. Ka sha maganin har ya ƙare, na san halinka.

Na je wajen Malam Shu'aibu mai hoto na bakin tasha, wanda ya ɗauki iyayenmu tun suna samari. Hannunsa yana rawa yanzu, ya daina aiki, amma kansa garau. Na nuna masa kamarorin a waya, na karanta masa duk lambobin da ka rubuto. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "'Yata, jikin kamara ɗaki ne, ido shi ne ƙofa. Idon sabuwar nan taga ce, tsakar rana ba abin da ya fi ta. Na tsohuwar ƙofar zaure ce, haske kaɗan ma in ya zo zai shige. Amma ba ya zuwa wajen abu, ke za ki je da ƙafarki."

Na tambaye shi wacce zan ɗauka. Ya ƙi faɗa. Ya ce shi bai san wace irin mai hoto nake so in zama ba. Wallahi mutumin nan ya burge ni. Wani da tuni ya yanke mini hukunci don a ce ya sani.

Ba zan ɓoye maka ba, ina cikin kokwanto. Gaskiyarka ce, amare yanzu bidiyo suke tambaya kafin ma su gaishe ni. In na ɗauki tsohuwar zan rasa wasu gidajen. In na ɗauki sabuwar kuma ban san da wane ido zan kalli Ya Kaka ba. Kwana biyu ina tuƙa tuwo ina juya maganar, har jiya na manta gishiri a miya.

Ga abin da Malam ya ce ka yi. Ka shiga ɗakin ajiya na bayan shagon, a kashe fitila, a bar ƙofa a buɗe kamar tafin hannu. Abokinka ya ɗauki hannunka da kowace ɗaya, ba walƙiya, kana ɗan motsa yatsu. Ka turo mini. Ya ce kuma ka cire idon tsohuwar ka ɗaga shi sama ka leƙa, kada a sami ƙura ko tsaga a ciki.

Ka yi haƙuri da ɗawainiyata.
Taka, Rahinatu

Gure, 11 ga Nuwamba

Baban Amina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ka warware.

Hotunan sun iso. A na sabuwar, hannunka kamar hayaƙi, ban ma iya ƙirga yatsun ba. A na tsohuwar na ga zanen tafinka, na ga har tabon da ƙofar shago ta yi maka a babban yatsa. Na daɗe ina kallonsa, Amina tana tambayata me nake murmushi.

Tsohuwar nake so. Na san ba ita ka zaɓa ba, na kuma ji a muryarka jiya cewa kana tsoron kayan hannu. Amma ka ce aikina ne, ni na san shi. Maganar nan ta fi mini kamarar daɗi. Ka naɗe ta cikin zane, ka ce wa Idirisa ya riƙe ta gaba kusa da shi, kada ta shiga cikin buhuna.

Allah ya bar mu tare.
Rahinatu

Gure, 30 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu nan an sha biki an watse lafiya, an kai Balkisa gidan mijinta a Bune.

Kwanakin farko kamarar nan ta ba ni kunya. Na ɗauki Amina, hancinta ya fito, kunnenta ya ɓace. Na ɗauki akuyarmu, sai katanga ce ta fito sosai. Wuyana ya yi ciwo saboda nauyi. Kullum da hantsi ina wajen Malam Shu'aibu, yana koya mini yadda ake manna gwiwar hannu a jiki, a riƙe numfashi, sannan a danna. Wani gida kuma da suka kira ni, da suka ji ba bidiyo sai suka ce za su neme ni. Ba su neme ni ba. Raina ya sosu, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ranar kitso na isa da safe. Ya Kaka tana kan tabarma, Balkisa ta kwantar da kai a cinyarta. Na roƙa aka ɗaga asabarin ƙofa kaɗan, haske ya sauka daidai kan yarinyar, bai kai fuskar tsohuwar ba. Da na danna na farko kamarar ta ce ƙaras, sai Ya Kaka ta tsaya ta ce, "Wa ke fasa gyaɗa a ɗakina?" Mata suka bushe da dariya, har amarya da ake so ta yi kuka.

Baban Amina, ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Idonta a rufe tun daga farko har ƙarshe. Ta lakato man shanu da ɗan yatsa, ta ja kibiya daga goshi zuwa ƙeya, layi ya fito miƙe kamar an sa igiya. Yatsunta sun tanƙware saboda tsufa, amma in suka kama gashi sai ka rantse na budurwa ne. Leɓenta yana motsi, ashe ƙirga take yi. Tun hantsi har la'asar, sallah kaɗai ta tashe ta. Ni kuwa ina ta rarrafe, in matso, in ja baya, har na ture tulun ruwa. Sau biyu na sauke kamarar don hawaye sun hana ni gani.

Da na duba, komai ya fito: silin gashi, ƙyallin mai, jijiyar hannunta. Malam Shu'aibu ya kalla, sannan ya ce shekara arba'in yana hoto bai taɓa shiga ɗakin da na shiga ba.

Jibi za a kai Ya Kaka Damagaram. Ka sa ta a addu'a.

Matarka, Rahinatu

Gure, 21 ga Disamba

Baban Amina,

Sallama, da gaisuwa irin ta mai kewa. Ya sanyin Kano? Inna da Amina suna gaishe ka.

Alhamdu lillahi, an yi wa Ya Kaka aiki, idon hagu ya buɗe. Na aika aka wanko hotuna goma sha biyu manya a Damagaram, shekaranjiya na kai mata. Na same ta a bakin ƙofa da baƙin tabarau. Na zaci fuskarta za ta fara nema, tunda ba ta taɓa ganin kanta a takarda ba. Ko kallo ba ta yi mata ba. Ta zaro wanda aka ɗauki kan Balkisa ta gefe, ta kai shi dab da ido, ta bi layukan da farce ɗaya bayan ɗaya. Can sai farcen ya tsaya bayan kunne.

Ta ce, "Kamarar nan taki ba ta da kunya." Ta nuna mini wani layi da ya ɗan fi 'yan'uwansa kauri. Ni da na kalli hoton ya fi sau ɗari ban lura ba. Ta ce, "Mata cike da gida suka ga kan nan, kowa ta ce ya yi. Wannan kaɗai ta faɗa mini gaskiya." Na ce ai ba wanda zai gani. Ta ce ita ta gani, kuma uwarta ba ta koya mata ajiye kibiya a kan kuskure ba.

Balkisa tana Bune, don haka ta ce in cire ɗankwali. Na zauna. Ta kira surukarta Habsu, ta ce ta zauna kusa ta sa ido a kan yatsunta, ta ma ba ta layi biyu ta gwada, ta tsefe ɗaya ta ce ta sake. Har yanzu da nake rubutun nan fatar kaina tana zogi.

Ga inda matsalar take. Ya Kaka ta ce ba za ta yarda kitson ya yi ba sai kamara ta ba da shaida, ni kuwa ba na iya ɗaukar ƙeyata. Habsu ta gwada, rufin ɗaki ta ɗauko. Kitson nan sati uku yake yi kafin ya fara tashi. Ka bar wa abokinka shagon, ka biyo Idirisa ranar Juma'a. Zan koya maka riƙe numfashi.

Sai na gan ka.
Matarka mai jiranka, Rahinatu