Layin da Ya Tsaya a Kan "Ni"

Zuwa ga Baba, Malam Habu, duk inda kake,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya. Ban san gidanka ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa ke karantawa, ko wani zai kai maka.

Zainabu ce, wadda ka bari a Gaffati tana rarrafe, shekarar da hatsi ya ƙone tun bai fid da kai ba. Inna ta ce da za ka fita ka ce mata, "Kwana goma, in samo mana hatsi." Har yau ba ka dawo ba, amma an ce shagonka a Agadas ya cika.

Wani farin ya sake zuwa bana. Ni kuwa ina Zango wajen Gwaggo, ina koyon gina shafin intanet. Kuɗin lakwal ɗin, wato makarantar, ba naka ba ne, kada gabanka ya faɗi.

Aikin farko da Madam Rabi, malamarmu, ta ba mu mai sauƙi ne: kowa ya sa kwamfuta ta faɗi ko shi ɗan wane ne. Ana saka maganar tsakanin ƙananan alamu biyu na sama. Na rubuta: 'Ni 'yar Habu ce'. Na kowa ya buɗe, nawa fari fat, sai jan rubutu na kuskure.

Kwana biyu ina bin layin nan harafi-harafi, Baba. Har kuka na yi don haushi, ina cewa ko injin ma ya san ƙarya nake yi.

Madam ce ta gano. Ashe alamar da muke sawa a gaban 'yar iri ɗaya ce da mai rufe magana. Kwamfuta na kaiwa nan sai ta ɗauka zance ya ƙare a kan "Ni". Sauran, da 'yar da Habu, ba ta san su ba.

Na yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

Madam ta ce, "Ki sa wata alama mai kama da 'yar karkatacciyar sanda a gabanta ta kare ta, sai ta zauna lafiya." Na sa, shafin ya buɗe, sunanka ya fito tas. Na daɗe ina kallonsa. Wallahi na so in bar shi, don tun ina ƙarama nake leƙen duk motar da ta fito daga arewa.

Amma na tuna wadda ta tsaya a gabana. Inna ce ta jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, ta ba ni, ita ta sha ruwa ta kwanta. Sai na goge sunanka na sa nata. Shafin bai yi gardama ba.

Allah ya saukar mana da ruwa, ya ja kwanan Inna. Kai kuma Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka karanta wannan har ƙarshe.

Wassalam,
Zainabu 'yar Hajara