Cinyar Aladen Daji a Motar Hajiya

Laraba, 12 ga Nuwamba, sha ɗaya da kwata na dare. Ina cikin mota a ƙofar gida, na kasa shiga.

Yau na fara bin ogana gona, muka kama aladen dajin da ke tone dankalin wani manomi. Al'adar wurin aikin, in an yanka, sabon ma'aikaci ake ba cinya. Oga ya miƙo, na sa hannu biyu na karɓa, har da godiya. Babba ya ba ka abu, ina bakin cewa a'a?

Motar kuwa ta Hajiya ce, mai masaukina. Yanzu ta kira: "Sadiya, a waje za ki kwana? Ko miji kika samo?"

Abin da ban sani ba: ko jinin cinyar ya ɗiga a but ɗin motar, ko oga zai tambaye ni daɗinsa, ko gobe zan iya gaya masa ba na ci.