Kar ki ɗora hotunan jiya

Yaya Mahfuza,

Na tarar kin koma barci, ga mai babur yana jirana zan wuce makaranta.

Don Allah kar ki ɗora hotunan sarƙoƙi da 'yan kunnen sayarwar da kika ɗauka jiya a tsakar gida. Da na duba sai na tarar ana ganin ƙofarmu da shanun Baba a baya. Kin san halin da garinmu Ruma yake ciki da ɓarayin daji. Wani zai ɗauka gwal ne na gaske, ya gane gidan.

Na goge bayan hotunan a wayarki, kayan sun fito a kan fari tas, kamar na shagunan Katsina. Sai dai ki yi haƙuri, siririyar sarƙar nan rabinta ya goge, na yi ta gwadawa ta ƙi. Ki shimfiɗa ta a kan baƙin hijabina ki sake ɗauka, in na dawo zan gyara.

Na yi karambani na ɗora na 'yan kunnen. Kar ki yi faɗa! Wata amarya daga Safana har ta tambaya ko da saura. Ki amsa mata.

Ƙanwarki,
Ikilima