Tsohon Akushi da Nasaran Lakol

Mudi,

Na tafi kasuwar Cadawa da turame, ban tashe ka ba.

Jiya na tsawata maka a gaban Nasaran lakol, Baturen nan na makaranta. Ban kyauta ba, kai ma magidanci ne. Amma ka ji dalili. Sababbin akusa shida na jera masa, duk sassaƙata. Ya tsallake su, ya nuna tsohon nan mai tsaga, kai kuma ka ce to. Kakanka ne ya sassaƙa shi, da shi ya taso daga ƙasar Katsina. A cikinsa ka koyi cin tuwo. Na tambayi tafintansa me zai yi da shi, ya ce a bango zai rataye shi a ƙasarsu, baƙi su riƙa kallo.

Na yi ta juya maganar. Ban ga laifin mutumin ba. Shekara bakwai ya yi a Agiye, ga shi zai koma gida, yana son abin tunawa. Amma abin da zai tuna ba a wannan akushin yake ba.

In ya zo da hantsi, ka ba shi sabon nan mai marfi. Matarka Balkisu ta cika shi da dakuwa. Kada ka karɓi kuɗinsa, tsaraba ce. Ka ce masa ya riƙa cin abinci a ciki, zai tsufa a hannunsa.

Tsohon kuwa, a zuba tuwon yau a cikinsa. Ka jira ni, tare za mu ci.

Babanka