Maganar da na yi wa Nasiru

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Mount Hope sai godiya, amma hankalina a tashe yake. Da hannuna na rubuta, domin wannan ba maganar da zan ba wani ba ce.

Bayan ƙaramar Sallah ɗanki Nasiru ya zaunar da mu, ya ce ba zai auri mace ba, namiji zuciyarsa take so. Babansa ya nuna masa ƙofa. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce ban yafe masa nonona da ya sha ba.

Yanzu yana asibiti. Ya daina ci, ya daina barci, likita ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Na je a ɓoye daga wurin aiki. Da ya gan ni sai ya ce, "Mama, sallata tana karɓuwa kuwa, bayan abin da kika faɗa?"

Na riƙe hannunsa na ce na yafe, duniya da lahira. Maganar da ya yi mana bayan Sallah har yanzu ta tsaya min a wuya, Yaya, amma ba zan binne ɗana saboda bakina ba.

Ranar Juma'a za a sallame shi, kuma gida zan kawo shi. Babansa bai sani ba tukuna. Ki taya ni da addu'a, kada Inna ta ji. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi