Bokitai Shida Masu Jan Ƙyalle

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta tafi koyon aiki na wata biyu, ta bar min bokiti goma sha biyu na karkashin ƙorama a tsakar gida. Ciyawar bakin kwata! Wai ita ce binciken kammala karatunta. Shida a ba su ruwa kullum, shida masu jan ƙyalle sai ranar Asabar. "Umma, don Allah kar ki tausaya musu." Bara ta faɗi, bana in ba ta gama ba korarta za a yi.

Alhamis, 6 ga Maris
Ni da furfurata ina tsugune da rula ina auna ganye. Ga kaushi, hannuna sai ƙaiƙayi yake. Babansu ya wuce yana cewa, "Sannu, Furofesa." Ban kula shi ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Masu jan ƙyalle sun yi laushi, kai a ƙasa. Shekara talatin ina aikin jinya a asibiti, ban taɓa hana mai ƙishi ruwa ba. Rabin kofi kawai na zuba. Wa zai sani?

Juma'a, 14 ga Maris
Kofi guda yanzu. Duk sun miƙe, har da ƴan furanni a kan wani silli mai lanƙwasa kamar wutsiyar kunama.

Asabar, 15 ga Maris
Na tura mata hoto ina jiran yabo. Ta kira. "Umma, kin ba su ruwa." Ba ihu, da ma ihun ta yi. Ta ce dole a sake daga iri, kuma lokacin da ya rage da ƙyar zai isa. Sannan a hankali: "Komai nawa sai kin sa hannu ya lalace." Ni? Ni da na riƙa yi mata aikin gida na makaranta har ta gama firamare! Raina ya ɓaci ƙwarai.

Lahadi, 16 ga Maris
Na sake karanta abin da na rubuta jiya. To.

Laraba, 23 ga Afrilu
Sabbin masu jan ƙyallen sun yi laushi tun shekaranjiya, na huɗun kamar ba zai kai ba. Na auna, na rubuta, na ɗauke butar na kai ɗaki don kar ido ya ja ni. Auta ta kira tana kuka, wai rahoton ya gagare ta. Bakina har ya buɗe zan ce ta turo babanta ya duba. Na ce, "Za ki iya," na ajiye wayar.

Saura kwana uku Asabar.