Ƙofar da Ba Ki Rufe Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ina yara? Ni lafiya lau. Aikin shara a jami'ar nan ba wuya, bayana ne ke ɗan damuna, shi ma da sauƙi.

Jiya raina ya ɓaci. Malamai sun yi taro kan waƙoƙin kaset, ina jera kujeru sai na ji muryar marigayi Baba a lasifika. A allo an rubuta wai ba a san mai waƙar ba. Baban namu!

Kin tuna inda ya katse waƙa ya ce, “Rufe ƙofar nan”? Wani farfesa ya yi awa guda a kai, wai kukan talaka ne da aka toshe wa hanya. Har da tafi. Alhali ke Baba ya daka wa tsawa, kin bar ƙofa a buɗe akuya ta shigo ana ɗaukar waƙar.

Na ɗaga hannu na ce, “Ranka ya daɗe, mahaifina ne.” Ya dubi tsintsiyata ya ce, “Samari, ina hujja?” Shugabanmu ya ja min kunne. Kada ki gaya wa Inna.

Don Allah ki duba akwatin Baba, ki aiko da kwalin kaset mai hotonsa. Zan jira. Amma ni ke goge allon nan, yau na rubuta sunansa. In sun goge, gobe ma ni zan riga kowa zuwa.

Allah ya jiƙansa, ya bar mu tare.

Ƙaninki